Abin Da Ke Sa Masara Yin Rawaya A Fadamun Bauci

A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Bauci, masarar da aka shuka a fadamun bayan gari da na wajen madatsar Gubi takan yi rawaya tun daga ganyen ƙasa. Sai manomi ya ci bashi ya ƙara takin zamani, amma a banza.

Dalili kuwa, ruwa ne ya kwanta ya toshe wa saiwa iska, ta kasa jan abinci. In ƙasar mai kanwa ce, rani kan bar farin ɓawo a bisanta, gishirin ya hana shuka shan ruwa. An ga haka a wasu gonakin Kadawa ta Kano, masu shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974.

'Yan Arewa masu lambu a Ikko da Badagiri, inda ruwan teku ke kutsawa ta ƙarƙashin ƙasa, su ma ba su tsira ba.

Magani dai shi ne a haƙa lambatu, a ɗaga kunya, a zuba takin shanu. Inda ruwa ya ƙi tafiya, gara a shuka shinkafa.