Yaron Da Karatu Ke Yi Wa Wuya: Abin Da Makaranta Za Ta Iya Yi Masa

A Ƙofar Dumi da ke cikin birnin Bauchi, kamar sauran unguwanni, akwai yaron da kowane malamin firamare ya san irinsa. Bakinsa da kaifi, yana iya kawo labarin da aka ba shi jiya tiryan-tiryan, ba kuma a cutarsa a canjin kuɗi. Amma da zarar an ce ya karanta layi ɗaya a allo sai ya daburce. A gida a ce wasa ya yi masa yawa, a makaranta a ce daƙiƙi ne. Sau da yawa a kan haka yake barin makaranta kafin ya kai aji shida.

Yaran da suke baya a karatu iri biyu ne. Kashi na farko, kuma su ne mafi yawa, lafiyarsu ƙalau, koyarwar ce ba ta ishe su ba saboda cunkoson aji, ko rashin littafi, ko yawan fashin zuwa makaranta. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Kashi na biyu su ne masu larurar da ake kira disleksiya. Ƙwaƙwalwar mai ita tana shan wahala wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa. Larurar ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, ba ciwon ido ba ce, kuma takan bi jini a cikin dangi. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya yi bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa wanda karatu ya gagara. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma a can yana da ita ko yaya take.

Alamominta sukan fito tun daga ajin farko. Yaro ya kasa faɗin sautin da kalmar "tasa" ta fara da shi, ya riƙa cankar kalma maimakon karanta ta, ya rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi guda. Rikita b da d abu ne da yawancin masu fara koyo suke yi, balle a Hausa da ake da ɓ da ɗ a kusa da su. Sai in rikicin ya ƙi ƙarewa bayan an koyar da kyau ne ya zama abin lura. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a kai yaro asibiti a duba idonsa da kunnensa.

Taimakon da ake bai wa kashin biyu kusan iri ɗaya ne. Da farko malami ya gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ya ga inda ya tsaya: bai san harufa ba, ko ya san harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko yana iya karanta labari. Daga nan a raba yaran ƙungiya-ƙungiya bisa matakinsu, ba tare da duba aji ko shekaru ba, a ware musu lokaci kullum. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan tsari, an kuma gwada shi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano daga 2019.

Cikin darasin ana tafiya daki-daki: sauti, sai gaɓa irin ba, bi, bu, sai kalma, sannan jimla. Mai disleksiya yana ƙaruwa idan ya ga harafin, ya furta shi, ya zana shi da yatsa a yashi, aka kuma yi ta maimaitawa. Yaron da koyarwa ce kawai ta yi masa ƙaranci yakan kama da wuri. Wanda ya ci gaba da cijewa shi ne mai buƙatar ƙarin lokaci da ƙwararren malami.

Bauchi tana da tubalin da za ta ɗora a kai. Shirin da Hukumar Raya Ƙasashe ta Amurka ta fara a 2015 a jihohin Bauchi da Sakkwato ya samar da littattafan "Mu Karanta!" na aji ɗaya zuwa uku, ya kuma horar da malamai kan koyar da karatu da Hausa. Wannan gata ne ga mai disleksiya, domin rubutun Hausa ya fi na Ingilishi bin yadda ake furuci. Aikin da ke gaban Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta jiha da shugabannin makarantu shi ne kula da yaran da darasin aji ya wuce su.

Iyaye ma da nasu rabon. Bulala da gori ba sa koya wa yaro harafi, tsoron littafi kawai suke dasa masa. Minti goma sha biyar kullum, wani babba a gida ya zauna ya saurari karatunsa cikin haƙuri, yana da tasiri. Uban da ya ga ɗansa ya gama aji biyu bai iya haɗa gaɓoɓi ba, ya je wurin hedimasta ya nemi a gwada yaron, ya kuma kai maganar gaban kwamitin kula da makarantar. Disleksiya ba ta warkewa da magani, amma masu ita suna koyon karatu, kuma gwargwadon saurin gano su, gwargwadon sauƙin aikin.