Hanyar Yuraniyom Ta Ƙofar Gidanmu Ta Bi

Daga Tawa zuwa Arlit akwai tafiyar kilomita fiye da 600, shi ya sa mutumin Adar ke ganin maganar gubar yuraniyom ta mutanen Agadas ce. To amma kwaltar da ta ratsa Tawa ta bi Abalak, saboda wannan ma'adinin aka shimfiɗa ta. A da, shekara da shekaru manyan motoci na haurawa da farar wutar da ake haɗa ruwan asid da ita, suna gangarowa da gangunan garin yuraniyom zuwa Kwatano. A 2004 wata motar irin wannan kaya ta yi hatsari a yankin Dosso, garin ya zube.

Kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, Cominak a 1978, dukansu a da ƙarƙashin kamfanin Faransa da aka sani da Areva, yau Orano. Da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, an bar tsibin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 a Akokan, kusa da Arlit. Gubar da ke cikin dusar ba ta wari, ba ta da launi. Sai na'ura ke gane ta.

Ba kamfani ne ya tona zancen ba. Ƴan Arlit ne suka kafa ƙungiyar Aghir In'man, suka gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa a 2003. Cikin abin da aka gano har da tsofaffin ƙarafan ma'aikata masu guba ana sayarwa a kasuwa. Nan abin ya shafe mu, don ƙarfe ba ya zama inda aka yar da shi. Ganga mai arha wadda mai ita ya kasa faɗin inda ta fito, kada a zuba mata ruwan sha ko hatsi. Motar sinadari kuwa in ta kife, a janye yara da dabbobi, a kira jandarmomi, kada a je kwasar ganima.

Ga kuma gawayin Salkadamna a arewa maso yammacin Tawa, da aka daɗe ana maganar haƙarsa. Dokar ƙasa ta 2018 ta wajabta binciken illa ga muhalli da jin ra'ayin jama'a kafin babban aiki, hukumar BNEE ke duba rahoton. Ranar taron jin ra'ayin, hakimi da makiyayi su tambayi daga wace rijiya za a ɗebi ruwa, ina za a zuba toka, wa zai biya in garke ya mutu. Amsar a rubuce, kwafi ɗaya a ofishin magajin gari.