Rubutu a Intanet: Ina Masu Karatu, Ina Kuɗin?

Matasa da dama a Tawa da kewayenta, har da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, sun kama rubutu a intanet. Wani labarin unguwa yake bayarwa, wani tarihin Adar, wani kokowar gargajiya. Kukansu ɗaya ne: mutum ya raba dare yana rubutu, gari ya waye ba wanda ya leƙa, balle a yi zancen kuɗi. Daga nan sai su koma sauraron Turawan da ke cewa a buɗe shafi, a liƙa tallar Google, a zauna jiran biya.

Wannan hanya ba don mu aka share ta ba. Tsarin tallar Google, wato AdSense, yana da jerin harsunan da ya yarda a sa talla a kansu. Akwai Faransanci da Ingilishi da Larabci, Hausa ba ta samu shiga ba. Ko da Faransanci ka rubuta, ba za a biya ka ba sai abin da ka tara ya kai dalar Amurka 100, kusan jika 60 na sefa. Farashin talla kuma ƙasar mai karatu yake bi. Wanda ya buɗe shafinka daga Faransa ya fi wanda ya buɗe daga Nijar kawo kuɗi nesa ba kusa ba, domin can ne ƴan kasuwa ke rububin sayen gurbin talla.

To, su wa ke jiran rubutunka? Ɗauki garin Bambeye. Da an gama girbi, samari sun watse cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Najeriya. Kowanensu da salula a hannu, hankalinsa kuma yana gida. Yana son ya ji ko ruwan shuka ya sauka, nawa tiyar hatsi ta kai, ko an gyara famfon gari, yaya albasa ta yi bana a Galmi. BBC da DW ba za su gaya masa wannan ba, shafin labarai na ActuNiger ma Yamai ya fi fuskanta. Marubucin da ya bar wannan fage ya tafi kwafo labarin ƴan ƙwallon Turai, ya shiga takara da dubban shafukan da suka fi shi ƙarfi.

Isa ga ƴan cin ranin nan ba wuya. Garuruwa da yawa na Adar suna da zauren WhatsApp da ke haɗa na gida da na tafiya, kuma nan labari yake gudu. Facebook kuwa tun Janairun 2018 ya bayyana cewa zai fifita saƙon dangi da abokai a kan na shafukan labarai, don haka jefa adireshin rubutu kawai ba ya kai shi ko'ina. Ka zuba tsokar labarin a cikin saƙon kansa, layi uku ko huɗu, wanda ya ƙagu ya bi sauran. Ka rage nauyin hotuna, domin mai sayen mega ta dala ashirin ba zai jira shafi mai nauyi ba.

Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne murya. Da yawa daga mutanenmu ba su karanta boko, amma kunnensu a buɗe yake. Ƙungiyar RECA ta manoman Nijar ta daɗe tana ba da shawarar noma ta saƙon murya a WhatsApp cikin harsunan gida. Shirin rediyo na Studio Kalangou, tun 2016, yana isa ƙauyuka ta gidajen rediyon karkara. Kai ma karanta rubutunka da bakinka, minti biyu, ka faɗi sunanka a farko da ƙarshe.

Kuɗin fa? Yana hannun mai shagon salula a Tawa, da dillalin albasa, da mai makaranta mai zaman kanta, da kamfanin motocin safa. Su ke neman idon mutanen da ka tara. Je musu da hujja a hannu: ga yawan masu bi na, ga garuruwan da suke. In sun biya, rubuta ƙarara cewa talla ce. Ƴan cin rani ma, idan sun ga amfaninka, turo gudummawa ta Nita ko Amana ba zai gagare su ba.

Kanun ƙarya kuwa, irin su "abin da ya faru zai ba ka mamaki", suna kawo jama'a yau su kore su gobe. Akwai kuma doka. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2019 a watan Yunin 2024 ya maido da ɗauri: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a.

Kai kuma mai karatu, idan rubutu ya amfane ka za ka tura wa wani, kada ka goge sunan mai shi. Da wannan sunan yake zuwa neman talla.