Tallafin da ba ya bin ɗan gudun hijira

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara ba sa iya kashe naira 137,430 a shekara, abin da hukumar ta ɗauka a matsayin ma'aunin talauci. A watan Yunin 2024 kuma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Wannan yanki ne na noma da fatauci, mai kasuwar Shinkafi da tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Abin da ya durƙusar da shi sananne ne: 'yan bindiga sun hana zuwa gona, sun ɗora haraji kan girbi, sun kwashe shanu, kuɗin fansa kuma ya cinye abin da ya rage.

Tallafin kuɗi yana da amfani a irin wannan hali, kuma a Zamfara aka ga shaida. Daga 2013 zuwa 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da shirin tallafa wa masu juna biyu a Anka da Tsafe da wasu ƙananan hukumomin Jigawa. Ana ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abinci. Binciken da ya biyo baya ya gano tsumburewar yara ta ragu, matan kuma sun ƙara sana'a da kiwo. Masu cewa kuɗin hannu lalaci yake koyarwa, wannan ya ishe su amsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne rajista. Kundin masu ƙaramin ƙarfi da gwamnatin tarayya ta fara amfani da shi a 2016, lokacin biyan naira 5,000 a wata, an gina shi ne kan mutanen gari su zauna su tantance mabukata a cikinsu. To wa zai tantance wanda ƙauyensa ya watse, yake raɓe a gidan dangi a Kaura Namoda? Tallafin naira 25,000 na 2023 kuma ya zo da sharaɗin lambar ɗan ƙasa ko ta banki, abin da matar karkara ba ta cika mallaka ba.

Wasu za su ce a fara samar da tsaro, don kada kuɗin ya faɗa hannun ɓarayin daji. Tsoron yana da tushe, amma ƙwaƙwalwar yaro ba ta jiran zaman lafiya. Abin da ya rasa kafin shekara biyu da wuya ya dawo. Rufe kasuwanni da katse layukan waya da aka yi a Zamfara a Satumban 2021 ya nuna yadda matakin tsaro kaɗai ke ƙuntata wa talaka. Abin yi shi ne a buɗe rajista a asibitocin Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda, inda iyaye mata ke kai yara, a sa hannun masarautu da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha wajen tantancewa, a kuma ɗaure tallafin da sunan mutum, ya bi shi duk inda ya sauka.