Amiodarone: Maganin Zuciya Da Illarsa Ke Ɓulla A Wani Wuri

Duk mai fama da rikicewar bugun zuciya ya san yadda abin yake: ƙirji na dukan uku-uku ba gaira ba dalili, numfashi na sarƙewa, jiri na ɗibar mutum yana zaune. Idan ciwon ya gagari sauran magunguna, likitocin zuciya kan koma ga amiodarone, wanda aka haɗa a Beljiyam a farkon shekarun 1960, Amurka kuwa sai 1985 ta amince da shi. Wajen saita bugun zuciya, kaɗan ne ke kama ƙafarsa. Sai dai illarsa takan ɓulla nesa da zuciya, kuma a hankali, shi ya sa mai shansa kan daɗe bai ɗora wa maganin laifi ba.

Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin sinadarin maganin aidin ne, wanda ƙullutun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo yake aiki da shi. Yawan aidin ɗin kan rikita ƙullutun. Idan ya yi sanyi, sai majinyaci ya riƙa kukan kasala da jin sanyi da ƙibar da bai san dalilinta ba. Idan ya zarme, sai rama da gumi da rawar hannu, har bugun zuciyar da ake magani ya sake rikicewa. Wasu kan ga zobe-zobe kewaye da fitilar mota da dare, wasu kuma rana ta riƙa ƙona musu fata.

Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne huhu. Busasshen tari da haki ne alamun farko, kuma a wajenmu nan take za a ce sanyi ne ko tarin fuka, a wuce kemis. Wannan jinkirin na iya barin tabon da ba ya gogewa a huhu.

Maganin yana kwanciya a kitsen jiki, ko an daina sha yakan yi watanni bai fita ba. Yana kuma ƙara wa warfarin ƙarfi, maganin tsinka jinin da ake bai wa da yawa daga cikin masu wannan ciwo don gudun shanyewar ɓarin jiki. Jini a dasashi, haɓo ko baƙin bayan gida ba abin jira ba ne, balle a ɗora ibuprofen a kai. Haka amiodarone yake ƙara wa digoxin ƙarfi, wani maganin zuciya, har mutum ya fara tashin zuciya yana ganin komai rawaya-rawaya.

Abin takaici, sau da yawa ana miƙa ƙwayar ba tare da an faɗi ka'idar da ke tafe da ita ba: hoton ƙirji tun farko, sannan awon jini na hanta da ƙullutun wuya duk wata 6. Wanda ya ga alama ya koma wurin likitansa da kwalin maganin a hannu, kada ya yanke shansa da kansa.