Jemagu da Cututtukan da ke Tsallakowa Zuwa ga Ɗan Adam: Abin Lura ga Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

Jemagu masu cin 'ya'yan itatuwa sun daɗe suna sauka a bishiyoyin da ke kewaye da Gidan Tarihi na Jos, inda ɗalibai ke yawan kai ziyara. Wannan kusanci ya sa ya wajaba manhajar kimiyya ta fayyace wa yara yadda cuta ke tasowa daga jemage ta kama mutum.

2.0 Abin da Bincike ya Tabbatar

Jemage kan ɗauki ƙwayar cuta nau'in bairas ba tare da ya nuna alamar ciwo ba. A 1956 aka gano wani bairas, dangin na haukan kare, a jikin jemagu a Legas. A 2010 kuma masana suka bayyana samun wani bairas dangin korona a jikin jemage a Zariya. Samun bairas a jikin dabba ba ya nufin lallai zai kama mutum. Sai an sami hanya.

Hanyoyin su ne cizo ko yakushi, taɓa jini wajen fiɗa, da cin abin da yawu ko fitsarin jemage ya taɓa. A ƙasar Maleshiya, cutar Nifa ta bi ta jikin aladu ta kashe mutane fiye da 100 tsakanin 1998 da 1999. A Yuganda kuwa, masu haƙar ma'adinai sun kamu da cutar Mabag a 2007 cikin ramin da jemagu ke kwana.

3.0 Abin da ya Kamata a Koyar

Ya dace malami ya bambanta wa ɗalibai tushen kowace cuta. Zazzaɓin Lassa da ya ɓarke a Jos a 1970 daga ɓera yake, ba daga jemage ba. Haka nan a gargaɗe su game da tsintar mangwaron da aka gatsa, da harbin jemagu da danƙo, da ɗaukar mushensu. Wanda jemage ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ya garzaya asibiti.

4.0 Kammalawa

Kada darasin ya zama na ƙyama. Jemagu na baza irin itatuwa, wasunsu kuma na cinye ƙwarin da ke ɓata amfanin gona. Korarsu ko sare bishiyoyinsu kan watsa su cikin unguwanni ne kawai. Abin da ake so yaro ya fita da shi daga aji shi ne ya bar jemage a bishiyarsa, ya kuma san dalili.