Kare da ƙashi: abin da za ku ba shi ya gwaguya, da abin da za ku hana shi

A garuruwanmu da rugagenmu ba domin ado ake ajiye kare ba. Shi ne mai gadin garke da dare, shi ne mai tsaron gona da rumbu, shi ne abokin tafiyar mafarauci. Amma idan aka zo wajen cinsa, sai a jefa masa duk abin da ya rage: ƙashin miya, guntun fata, ko huhun da mahauci ya ƙi sayarwa. Wasu daga cikin waɗannan abubuwa suna kashe kare. Wasu kuma suna bi ta jikinsa su kawo cuta ga mutanen gida, musamman yara. Saboda haka abin da kare zai gwaguya, zaɓa masa ake yi, ba jefa masa ake yi ba.

Me ya sa kare yake gwaguya?

Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28. Daga wata 3 zuwa wata 7 sukan zube, haƙora 42 na girma su fito. A wannan lokaci dasashinsa yana yi masa ƙaiƙayi, shi ya sa yake cizon duk abin da ya samu. Babban kare ma yana bukatar gwaguya, domin tana rage masa dattin haƙora, tana kuma kwantar da hankalin wanda yake wuni a ɗaure. Ba za ku iya hana shi wannan hali ba. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Idan ba ku ba shi abin da ya dace ba, zai nemo da kansa a juji.

Dafaffen ƙashi

Wuta tana busar da ƙashi, ta sa ya yi gautsi. Idan kare ya cije shi, ba ya niƙewa, tsagewa yake yi ya zama tsinkaye masu kaifi. Tsinken yana iya yanka harshe, ko ya gitta a cikin baki tsakanin haƙoran sama. Yana iya maƙalewa a maƙogwaro. Idan ya wuce ciki yana iya huda hanji, datti ya zuba a cikin ciki, kare ya mutu cikin ƴan kwanaki.

Waɗanda suka fi hatsari su ne ƙashin kaza, da na zabo, da na tantabara, da ƙayar kifi, da haƙarƙarin rago. Tsinken tsire ma haka, domin kare yana jin ƙanshin nama a jikinsa ya haɗiye shi. Ku ƙara kula a kwanakin sallar layya, lokacin da ake banƙare raguna a jikin itace kewaye da wuta, gasasshen ƙashi ya cika kowane gida. Ku tara ƙasusuwan wuri ɗaya, ku binne su da zurfi.

Babban ƙashin ƙafar saniya ko na raƙumi ba ya tsagewa da sauƙi, amma taurinsa yana karya haƙori. Haƙorin da ya karye yakan kawo ƙurji a ƙarƙashin ido, kare ya kasa cin abinci. Ƙashin ɓargo da aka yanka kamar zobe kuwa yakan shige haɓar kare ya ƙi fita.

Abubuwan da ba sa narkewa a ciki

Totuwar masara, da ƙwallon mangwaro, da ƙwallon goruba, duk ba sa narkewa a cikin kare. Idan ya haɗiye su sukan tsaya a hanji su toshe hanya. Haka leda mai maiƙon abinci, da tsumma, da igiya, da guntun takalmin roba. Hanjin da ya toshe sau da yawa sai an yi wa kare aiki kafin ya buɗe, kuma wannan aiki ba a samunsa a ƙauye.

Busasshiyar fata ita ma tana cikin wannan rukuni. Kare yana taunar ta har ta yi laushi, sannan ya haɗiye babban yanki. Yankin yana shan ruwa ya kumbura a maƙogwaro ko a hanji. Kada ku ba shi guntayen fatar majema ko na dukawa, domin an jiƙa su a toka da kayan jima, an kuma shafa wa wasu rini.

Ɗanyen hanta, ɗanyen huhu da mushe

Wannan shi ne hatsarin da ya fi shafar iyali. Wataƙila kun taɓa ganin an yanka tunkiya, ko saniya, ko raƙumi, an sami wasu ƙullutu cike da ruwa a hanta ko a huhu. A cikin ruwan nan akwai ƴaƴan wata ƙaramar tsila. Mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. Idan kare ya ci, tsilar tana girma a hanjinsa, ƙwanta yana fita cikin kashinsa. Ido ba ya ganin ƙwan. Yana mannewa a gashin kare, da ƙasar tsakar gida, da ganyen lambu, yana kuma shiga ruwa.

Yaron da ya yi wasa da kare ya ci abinci bai wanke hannu ba yana iya haɗiye ƙwan. Sai irin wannan ƙullutu ya fara girma a hantarsa ko a huhunsa. Yakan yi shekaru yana girma babu alama, kafin ciwon ciki ko tari ya bayyana. Sau da yawa maganinsa sai tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 suna ɗauke da wannan cuta a duniya. Bisashenku ma suna cin ƙwan tare da ciyawa, sai cutar ta yi ta zagayawa tsakanin kare da garke.

Mushe kuwa, kada ku bar kare ya kusance shi. Dabbar da ta faɗi ta mutu nan take, jini yana fita ta hanci ko ta dubura, tana iya zama ciwon saifa ne ya kashe ta. Kada a feɗe ta. Ku sanar da malamin dabbobi. Kare yana jan ƙasusuwan mushe ya kawo su gida, ya kawo cutar har ƙofar ɗaki.

Kayan gwaguya na kanti

A ƙasashen Turai da Amurka kamfanoni suna yin kayan gwaguya na karnuka su zuba a leda. Wanda yake aikin gadi ko aikin gida a birni yana iya haɗuwa da su. Kada kyan leda ya ruɗe ku, domin su ma sun sha kawo ɓarna.

A Amurka akwai hukumar kula da abinci da magunguna, wadda ake kira FDA. Daga shekarar 2007 ta fara samun ƙorafi a kan busasshen naman kaza da na agwagwa da ake yi wa karnuka, akasarinsa daga ƙasar Sin. Zuwa ƙarshen 2015 ƙorafin ya shafi karnuka fiye da 6,200, kuma fiye da 1,140 sun mutu. Da yawa ciwon ciki ko ciwon ƙoda ya kama su. A 2017 hukumar ta yi gargaɗi a kan ƙasusuwan da kamfanoni suke gasawa ko su busar da hayaƙi: tsakanin 2010 da 2017 an kai mata labarin karnuka kimanin 90 da suka yi rashin lafiya, kimanin 15 suka mutu. A 2019 kuma busasshen kunnen alade da ake sayar wa masu karnuka ya yaɗa wata ƙwayar cutar zawo mai suna salmonela. Mutum 154 suka kamu a jihohi 34, aka kwantar da 35 a asibiti. Mutanen ba su ci kunnen ba. Taɓa shi suka yi, ko suka taɓa karen da ya ci shi.

Kilishi da ragowar yaji

Kada ku ba kare kilishi ko naman da aka dafa da albasa da tafarnuwa masu yawa. Albasa, ɗanya ko dafaffiya ko busasshiya, tana lalata jinin kare. Bayan ƴan kwanaki sai ya yi kasala, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Gishiri da barkono masu yawa su ma suna ɓata masa ciki.

To, me za ku ba shi?

Kafin ku miƙa wa kare abin gwaguya, ku yi masa gwaji 3:

1. Girma. Ya zama ya fi ƙarfin bakinsa, yadda ba zai iya haɗiye shi gaba ɗaya ba.
2. Tauri. Ku danna shi da farcen babban yatsa. Idan farce bai bar alama ba, ya yi wa haƙori tauri.
3. Tsabta. Ya fito daga dabba mai lafiya, babu wari, babu magani ko rini a jikinsa.

Ga abubuwan da suka fi sauƙin hatsari:

Babban karas ɗanye, wanda aka wanke. Yana da kyau ga kwikwiyo mai fitar da haƙora.

Dankalin Hausa. Ku yanka shi da kauri da tsawo, ku turara shi, ku shanya a wuri mai tsabta har ya yi danƙo. Ku ba shi kaɗan kaɗan. Wanda ya yi fumfuna ku zubar.

Jijiya da tumbi, da hanta da huhu masu lafiya. Ku yanka su, ku tafasa su minti 30 ba tare da albasa ko yaji ba, ku cire duk wani ƙashi. Waɗanda suke da ƙullutun ruwa ku ƙone su ko ku binne su inda kare ba zai tono ba.

Abin wasa na roba mai kauri da aka yi domin karnuka, ga wanda yake da halin saye. Idan ya fara yagewa sai a canza.

Ko wane iri kuka ba shi, ku zauna kusa kuna gani. Idan abin ya ƙanƙance, ku jefa masa wata loma can gefe, sannan ku ɗauke. Kada ku fizge daga bakinsa. Ku hana yara zuwa kusa da kare yana ci, domin ko kare mai haƙuri yakan yi cizo a kan abincinsa. Ku ajiye masa ruwa. Ku wanke hannu da sabulu bayan kun taɓa shi ko kwanonsa. Ku riƙa kwashe kashinsa kuna binnewa. Ku tambayi malamin dabbobi maganin tsila mai suna firazikantel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba kare shi aƙalla sau 4 a shekara a wuraren da cutar take.

Alamomin da za su sa ku nemi malamin dabbobi

Amai sau da yawa. Ƙin cin abinci fiye da kwana 1. Ciki ya kumbura ko ya yi tauri. Yunƙurin kashi babu abin da yake fita. Jini ko baƙi a cikin kashi. Idan kun ga ɗaya daga cikinsu, kada ku jira. Kada ku ɗura masa ruwan gishiri domin ya yi amai, gishirin yana iya kashe shi, kuma tsinken ƙashi yana ƙara yanka idan ya dawo. Idan kun ga zare ko leda ta leƙo daga duburarsa, kada ku ja, domin kuna iya yanka hanji.

Gargaɗi mafi girma: kada ku sa hannu a bakin kare

Idan kare yana zubar da miyau, bakinsa a sake, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa, zuciya za ta ce ku sa hannu ku ciro. Kada ku yi. Cutar haukan kare tana zuwa da irin waɗannan alamomi. Ba kowane mahaukacin kare yake gudu yana cizo ba. Wani yakan kwanta shiru, haɓarsa ta saki, ya kasa haɗiya. Ƙwayar cutar tana cikin miyaunsa, kuma tana shiga ta ɗan ƙaramin rauni a hannu.

Ku killace karen nesa da yara da bisashe, ku kira malamin dabbobi. Idan ya ciji wani, ko ya yaƙushe shi, ko miyaunsa ya taɓa rauni, ku wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ku kai mutumin gidan likita a ranar domin allura. Kada ku jira alama, domin idan alamar cutar ta bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, wannan cuta tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ku kai karenku a yi masa allurar rigakafi, ku ajiye takardarsa, ku koma a ranar da aka rubuta muku.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ake yi da hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa a mahautar garinku?
2. Ina kuke zubar da ƙasusuwa bayan sallar layya?
3. Faɗi gwaji 3 da za ku yi wa abin gwaguya kafin ku ba kare.
4. Ina malamin dabbobi mafi kusa da ku yake, kuma wace rana ake samunsa?